Daga Keson Wuri Zuwa Digirin Akanta a Ƙasar Gwandu

Matashin da ya fito daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 ta fara karatu a Kalgo, riƙe da digirin akanta ko na tattalin arziki, ƙofar gwamnati yake fara ƙwanƙwasawa. Ana yawan kiran wannan lalaci ko rashin dabara. A ganina gado ne. Shekara ɗari biyu ke nan sana'ar lissafin kuɗi a ƙasar Gwandu tana zaune a gindin hukuma, can take samun abinci, can take samun girma.

Da Shehu Usmanu ya raba ragamar daula a 1812, ƙanensa Abdullahi ya karɓi yamma, Gwandu ta zama fadar da gaisuwar Nupe da Ilorin ke zuwa: dawaki, riguna, bayi da wuri. Wuri kuwa kuɗi ne mai cin lokaci. A zube shi a tabarma, a dinga ja da yatsu biyar-biyar har a haɗa ɗari, ɗari goma zambar, zambar ashirin keso guda. Bature Barth, wanda ya yada zango a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar a Kano ana canjin dalar azurfa ɗaya wuri 2,500. Dukiya mai irin wannan nauyi dole a sami mai tsaronta, shi ne ma'aji. Malam Abdullahi ya fayyace a littafinsa Liya'ul Hukkami hanyoyin shigar kuɗin baitulmali da inda ya halatta a kashe su, amma ma'ajin wancan zamani ba shi da albashin wata. Yardar sarki ce jarinsa, kyautar sarki ce ladansa.

Zuwan Turawa a 1903 ya sauya kuɗin, ya bar mai riƙonsa inda ya same shi. An hana shigo da wuri a 1904, fam da sule da anini suka maye gurbinsa a hankali. Baitulmalin En'e, wanda Bature Palmer ya fara gwadawa a Katsina, ya bazu a masarautu wajen 1911, aka yanka wa sarki da hakimi da alƙali albashi. Fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, ma'aji ya zama mai ofis da akwatin ƙarfe da littafin shiga da fita, ƙarƙashinsa malaman haraji da na jangali suna yawo ƙauye-ƙauye da kundin rasit. Makarantar horar da akawu ta Zariya, wadda ta rikiɗe ta zama Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, ita ta dinga goge irin waɗannan ma'aikata. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe En'e, kujerar ma'aji ta tsira. Tana nan a sakatariyar Gwandu da ta Kalgo, sai dai yawancin abin da ake ƙirgawa yanzu kaso ne daga asusun tarayya. Mai digiri kan fara a mataki na 8, a tsarin albashin da mafi ƙarancinsa ya koma naira 70,000 a ƙasa a 2024, Jihar Kebbi kuma ta sa nata 75,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma akwai fansho, akwai tabbacin ƙarshen wata.

Wani zai ce ai kasuwa ma ta san lissafi, kuma ya yi gaskiya. Jega ta daɗe tana tara fatake, fatoma da dillalai suna riƙe da bashin mutum goma ba su rikice ba. Amma a ka suke riƙewa, ko a bakin yaron gida da aka rena tun yana ƙarami. Attajiri ba ya buɗe wa bare cikin dukiyarsa, don haka wannan lissafin bai taɓa zama aikin da ake ɗaukar mai takarda a biya shi ba. Wani kuma zai kawo bankuna, da bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da jarrabawar ICAN da ta ANAN da ke ɗaga darajar akanta. Duk hanyoyi ne na gaske, sai dai reshen banki mutum kaɗan yake ɗauka, manyan kujeru masu tsoka kuwa suna Legas da Abuja. Wanda ya bi su ya bar gida.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce shinkafa. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ga masana'antar Labana, ga ta WACOT a Argungu, an sami dukiyar da ba ta gwamnati ba mai buƙatar littafi. Taƙaddamar da ta biyo baya kan biyan bashin ta nuna yadda ƙungiyoyin manoma ke ƙishirwar mai rubuta wa ya karɓi nawa, wa ya mayar. Wannan ƙofa ta buɗe, amma ƙungiyar manoma ba ta saba biyan akanta ba tukuna. A gefe guda, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. In an aiwatar da shi, ofishin da zai ƙara nauyi a Gwandu da Kalgo shi ne dai na ma'aji.