2.3 Yadda Aka Ɗauki Tsokanar Mata a Sabon Gari da Samaru

Sabon Garin Zariya ya kafu ne sakamakon isowar jirgin ƙasa a wajajen shekarar 1911. Mazaunansa na farko baƙi ne: ma'aikatan reluwe da akawuna da leburori da 'yan kasuwa, kuma da yawansu sun baro iyalansu a gida. A cikin birni kuwa kulle ya yi ƙarfi, matar aure ba ta fita da rana sai bisa lalura. Wannan ya sa jama'a suka riƙa auna mace da wurin da aka gan ta. Wadda aka gani a kasuwa ko a tasha, idan ba tsohuwa ba ce, to ana ɗaukarta 'yar talla ce ko bazawara ko karuwa.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan namiji ya yi wa matar aure maganar banza, laifi ne babba, amma ana kallonsa a matsayin keta haddin mijinta. Idan kuwa 'yar talla ce aka ja wa gyale ko aka riƙe wa hannu wajen biyan kuɗi, sai a kira abin wasa ko tsokana. In ta kai ƙara gida, tambayar farko ita ce me ya tsayar da ita a wurin. Sau da yawa akan rufe zancen da karin maganar nan, wai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin lura shi ne iyayen da ke faɗin haka su ne suka ɗora mata faranti, domin da ribar tallar ake tara kayan ɗakinta.

Ba doka aka rasa ba. Kundin Finalkod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci a sashe na 400 ga duk wanda ya furta kalma ko ya yi ishara da nufin keta mutuncin mace. Sai dai kai irin wannan magana gaban alƙali tonon asiri ne a idon jama'a, kuma yarinyar ce za ta rasa manema. Don haka aka fi son a kashe wutar a zauren mai unguwa.

Samaru ta zo da nata salon. Bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ga 'yan mata baligai, marasa aure, suna zaune a ɗakunan kwanan ɗalibai irin su Amina Hall, suna shiga kasuwa su kaɗai. Tsohon ma'auni bai da gurbin irin wannan mace, sai aka laƙaba mata “'yar boko”, aka kuma ɗauka cewa ta riga ta yar da kunya.

A wannan jami'ar dai aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria, inda malamai irin su Ayesha Imam suka kawo matsayin mata fagen muhawarar ilimi. Duk da haka, sai a 2018 Jihar Kaduna ta zartar da dokarta ta hana cin zarafin jama'a, shekara uku bayan ta Tarayya.