Tarihin Motar Safa Mai Aiki da Batir: Daga Landan Zuwa Shenzhen

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda motar safa mai aiki da batir ta samu shiga harkar jigilar jama'a a manyan birane. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar wannan mota a matsayin ƙirar zamanin nan, alhali kuwa ta girmi motar safa mai shan man gas, watau dizal. Abin tambaya shi ne, me ya hana ta kafuwa har tsawon shekara ɗari, sa'an nan me ya sa ta kafu cikin shekara goma kacal? Amsar da aka saba bayarwa ita ce raunin batir. Wannan gaskiya ne, amma ra'ayina shi ne bai isa shi kaɗai ya bayyana al'amarin ba, domin sha'anin kuɗi da amana sun yi tasirin da bai gaza na batir ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata a bambanta ta da 'yar'uwarta mai jan wuta daga wayoyin da aka shimfiɗa a saman titi, wadda Siemens ya fara gwadawa a gefen Balin a 1882. Waccan ba ta iya barin inda waya ta bi. Wadda muke magana a kanta ɗauke take da wutarta a jikinta.

Zuwan farko: Landan, 1907

Batirin dalma, irin wanda har yanzu yake tayar da injin motocinmu, Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, wani Bafaranshen kuma, Camille Faure, ya kyautata shi a 1881. A farkon ƙarni na 20 dawakai ne suke jan yawancin motocin haya na Landan, motocin fetur kuwa sababbin shiga ne, ga ƙara, ga hayaƙi, ga yawan lalacewa a tsakiyar hanya. Cikin wannan hali ne kamfanin London Electrobus ya fara jigila ran 15 ga Yuli, 1907, tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Victoria da ta Liverpool Street.

Motocin masu bene ne. Nauyin batirin kowace ɗaya ya kai wajen tan 1.5, kuma yana kai ta kimanin kilomita 60 kafin ya mutu. Da yake wannan bai isa aikin yini ba, sai aka yi dabara: da tsakar rana mota ta koma gareji, a sauke batirin daga ƙarƙashinta, a ɗora mata wani cikakke, duka cikin minti 3. A 1908 motocin kamfanin sun kai wajen 20, fasinjoji kuwa sun so su ƙwarai saboda rashin ƙara da wari.

To, me ya kashe shi? Tun a 1906, lokacin da aka sa hannun jarin kamfanin a kasuwa ana neman fam 300,000, aka gaya wa jama'a cewa an sayi wani haƙƙin ƙira wanda zai hana kowa yin irin wannan mota. 'Yan jarida da suka bincika sai suka tarar haƙƙin bai shafi motar lantarki ba ko kaɗan. Masu jari suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Bayan fage kuwa akwai wani lauya Bajamushe, Edward Lehwess, da abokan cin mushensa, waɗanda suka kafa wasu kamfanoni na gefe, suna karɓar kuɗin ƙera motoci tun kafin a ƙera, suna kawo kaɗan daga abin da aka biya. A 1910 kamfanin ya durƙushe. Mick Hamer ya bi diddigin wannan zamba a littafinsa na 2017.

Hujjar da ta fi ƙarfi a nan ita ce abin da ya faru bayan haka. An sayar da wasu daga cikin motocin ga wani kamfani a garin Brighton, suka ci gaba da aiki har 1917. Ashe ke nan ba injin ne ya gaza ba. Amma a shekarar da Electrobus ya faɗi ne babban kamfanin safa na Landan ya fito da motarsa ta fetur samfurin B, mai araha da ƙarko, a 1911 kuma ya sallami dawakansa. Daga nan duk mai kuɗin da aka yi wa zancen safar batir sai ya tuna da Lehwess.

Duk da haka kada mu zarce gona da iri. Ko da amintattu ne suka riƙe kamfanin, da wuya ya yi nasara a kan mai, domin kilo 1 na batirin dalma ba ya riƙe fiye da wat-awa 30 zuwa 40, alhali kilo 1 na man gas yana ɗauke da wajen 12,000. Ko an cire abin da inji yake ɓarnatarwa ta hanyar zafi, tazarar tana nan da girma. Abin da zambar ta yi shi ne ta rufe ƙofar gwaji tun da wuri.

Shekarun jira

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. A tsakanin 1955 da 1959 birnin Leopoldville, watau Kinshasa ta yau, ya yi amfani da wasu motoci 12 ƙirar Suwizalan waɗanda suke ajiye ƙarfi cikin wani ƙaton faifan ƙarfe mai juyawa maimakon batir. Tsadar mai ta 1973 ta sake tayar da zancen. A Jamus ta Yamma kamfanin MAN ya ƙera motocin da suke jan batirinsu a cikin tirela, suka yi aiki a Düsseldorf har 1988. A Amurka garin Chattanooga ya sa ƙananan motocin batir a tsakiyar gari a 1992. 

Canji na haƙiƙa ya zo ne daga wani wuri dabam. A 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam, ba don motoci ba, don na'urorin hannu. Bayan 'yan shekaru John Goodenough da ɗalibansa a Jami'ar Texas suka bayyana wani nau'insa mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda bai kai sauran riƙe wuta ba, amma ya fi su jure zafi da yawan caji, kuma ba ya saurin kamawa da wuta. Wannan nau'i ne yawancin motocin safa na Sin suka dogara da shi.

Shenzhen

Ƙasar Sin tana da dalilai uku a lokaci guda: hayaƙi ya turnuƙe biranenta, tana sayen mai da yawa daga waje, kuma tana son masana'antar da za ta sha gaban Turawa a cikinta. An gwada motoci 50 a wasannin Olamfik na Beijin a 2008. A 2009 gwamnati ta ƙaddamar da shirin nan na birane goma, motoci dubu a kowanne, da tallafin da ya kai yuwan 500,000 a kan kowace babbar mota. Shenzhen, inda hedkwatar kamfanin BYD take, ta sa motoci 200 a hanya a 2011. Zuwa ƙarshen 2017 dukkan motocin safarta, su 16,359, sun koma na lantarki. A wannan shekara kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan motoci a duniya a Sin suke.

Ana yawan ambaton tallafin, amma tsarin da aka bi ya fi shi muhimmanci ga mai nazari. Matsalar safar batir ita ce tsadar saye da arahar gudanarwa, kamfanin jigila kuwa kullum kuɗinsa na yau da gobe ne, ba shi da dunƙulallen jari. Saboda haka aka raba nauyin. Kamfanin jigila ya karɓi motocin haya daga wata cibiyar kuɗi, wasu kamfanoni dabam suka gina wuraren caji suna sayar da wutar, maƙerin motar kuma ya ɗauki lamunin batirin na tsawon shekara 8. Ana yin yawancin caji da dare, lokacin da wuta ta fi araha. Watau dai an ɗora kowace kasada a kan wanda ya fi sanin ta. Yawan ƙira kuma ya karya farashi: abin da ya haura dala 1,000 a kan kowane kilowat-awa a 2010 ya sauko ƙasa da dala 150 a 2023. Gwamnatin tsakiya ta janye tallafin saye a ƙarshen 2022.

Santiyago ta ƙasar Chile ta kwaikwayi wannan tsari ba tare da irin tallafin Sin ba. A ƙarshen 2018 kamfanin wutar lantarki na Enel ne ya sayi motoci 100 ya ba kamfanin jigila haya, tun da shi ne zai ci ribar sayar da wutar. Amma ba ko'ina aka dace ba. A 2018 birnin Albuquerque na Amurka ya mayar wa BYD motocin da ya karɓa, yana ƙorafin ba sa kai nisan da aka alkawarta, a 2023 kuma Proterra, fitaccen maƙerin irin waɗannan motoci a Amurka, ya shiga fatara. Sanyi mai tsanani da zafi mai tsanani duka suna rage nisan tafiya, domin daga batirin ne ake ɗumama ɗakin fasinja ko a sanyaya shi.

A Afirka ta Yamma, Dakar ce ta yi nisa. A 2024 ta buɗe hanya ta musamman mai tsawon kilomita 18 daga tsakiyar birni zuwa Guédiawaye, da dogayen motocin batir 121 ƙirar Sin, wani kamfanin jari na Faransa, Meridiam, yana riƙe da mafi yawan hannun jarin gudanarwa. A Legas kuwa an fara gwaji da motoci 2 a watan Mayu na 2023, watan da aka janye tallafin man fetur. Tsadar mai ta ƙara wa lissafin armashi, sai dai garejin da zai yi wa mota 100 caji a dare ɗaya yana bukatar megawat da dama na wutar da ba ta yankewa, a ƙasar da abin da ake rabawa gaba ɗaya yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000.