Yunwar Kakalaba da Rumbun Mutanen Da

Wani manomi mai sauraronmu daga Garki ya aiko da tambaya, yana cewa wai gaskiya ne mutanen da ba su san yunwa ba, tunda suna da rumbun tsimi?

To Malam, sun san ta ƙwarai, sai dai sun yi mata tanadi. Kafin zuwan Turawa, magidanci kan zuba geronsa a rumbu dami-dami, ba a sussuke ba, ya kai shekara biyu ko uku bai lalace ba. Ga kuma zakkar hatsi da ake tarawa wurin masu sarauta, a taimaki talaka in abu ya matsa. Farin shekara guda ba ya karya gida irin wannan. Abin da ke karya shi, shi ne fari ya biyo fari, ko fara ta sauka.

Amma dubi abin da ya faru a 1913, lokacin Garki na ƙarƙashin Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi a 1912, manoma da yawa suka ƙara mata fili. Haraji kuwa ya koma na tsabar kuɗi, dole mutum ya kai hatsinsa kasuwa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya biya. Sai daminar 1913 ta ƙi. Kafin bazarar 1914 rumbuna sun zama wayam, ga mutanen Damagaram sun kwararo kudu neman abinci. Aka ci dusa da ganyaye, har gidan tururuwa aka riƙa tonawa. Dubban mutane suka rasu. Ita ce tsofaffi ke kira Kakalaba. A ganinmu, rashin ruwa ne ya kawo ta, amma haraji da sayar da tsimi su suka ba ta haƙora.

Bayanta an yi 'Yar Buhu a 1927. Farin 1973 kuwa, kai ma wataƙila ka ji labarinsa a gida. A lokacin akwai motoci, hatsi na isowa kasuwa, amma kuɗinsa ya hau, na dabbobi ya faɗi warwas, mai akuya ya sayar da ita bai samu abin kirki na gero ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.