Yadda Rodi Ya Shiga Ginin Bulo

Ran 23 ga watan Agusta na shekarar 2011, da wajen ƙarfe biyu saura na rana, ƙasa ta girgiza a Jihar Virginia ta Amurka. Cibiyar girgizar tana kusa da wani ɗan ƙauye mai suna Mineral, ƙarfinta kuwa maki 5.8 ne, amma an ji ta sosai a garin Sterling da ke gefen filin jirgin saman Dulles, har zuwa cikin birnin Washington. Doguwar hasumiyar nan ta tunawa da George Washington, mai tsawon ƙafa 555, ta tsattsage, aka rufe ta sai watan Mayu na 1914 da ƙarin shekara ɗari, watau 2014. Duwatsu sun faɗo daga ƙololuwar babbar majami'ar birnin, makarantu biyu kuma a gundumar Louisa sai da aka rushe su. Galibin abin da ya lalace ginin dutse ne ko na tubali wanda ba a sa masa ƙarfe a ciki ba.

Abin lura shi ne, cikin maƙwabtan Sterling akwai waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan matsala. A Herndon ƙungiyar masu buga bulon siminti ta Amurka take da ɗakin gwaji, inda ake danne bango da inji har ya fashe, domin a san iyakar ƙarfinsa. A Reston kuma hedkwatar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasar take.

Dabarar sa ƙarfe cikin tubali tsohuwa ce. Cikin 1825 Marc Brunel ya yi amfani da ita sa'ad da ya fara haƙa hanya a ƙarƙashin kogin Thames a Landan, cikin 1923 kuma wani injiniya, Brebner, ya buga rahoton gwaje-gwajen da ya yi a Indiya. Maginan ƙasar Hausa ma sun san asirin tun da daɗewa, gama azarar giginya da ake binnewa cikin bakan gizo, irin na masallacin Juma'ar Zariya, aikin rodi take yi.

To, amma ina wahalar take? A ɗauki linta da ke bisa ƙofa. Idan nauyi ya hau ta, ƙasanta yakan miƙe, samanta ya matse. Tubali yana jure matsi, ba ya jure ja, shi ya sa ake shimfiɗa rodi a ƙasa. Wannan mai sauƙi ne. Akwai wani ƙarfi na biyu kusa da inda linta ta hau bango, inda nauyi ke danna ta ƙasa, bango na tokare ta sama, kamar bakin almakashi biyu. Tsagar da yake haifarwa a karkace take tashi, kuma mugun halinta shi ne ba ta ba da gargaɗi. Lintar da lanƙwasa ta fi ƙarfinta takan yi ciki, mutane su gani su fita; wadda almakashin nan ya cije kuwa, farat ɗaya take karyewa. Maganinsa shi ne rodi na tsaye, wanda tsagar za ta tarar a hanyarta. Ritter cikin 1899 da Mörsch bayansa su ne suka fara bayyana lissafinsa a kan kankare.

Doka ba ta zo ba sai da aka yi hasara. Ran 10 ga Maris 1933 girgizar ƙasa ta faɗa wa Long Beach a California, ta kashe mutane wajen 120, ta rushe makarantun tubali masu yawa. Allah Ya sa da maraice ne, yara sun tashi. Cikin wata ɗaya majalisar jihar ta kafa dokar Field, wadda ta tsananta sharuɗɗan ginin makarantun gwamnati. Sa'an nan cikin 1955 rufin wani ma'ajin mayaƙan sama a Shelby ta Jihar Ohio ya rufta saboda ƙarancin rodin tsaye, abin da ya sa aka sake duban lissafin baki ɗaya.

Ginin bulo bai sami ƙa'ida guda ta ƙasa ba sai 1988, lokacin da ƙungiyar masana kankare da ta injiniyoyi suka fitar da ita tare. Yau ana kiranta TMS 402. Ta ce a cika ramukan bulon linta da ruwan kankare, kada tazarar rodin tsaye ta wuce rabin zurfin lintar, a kuma lanƙwasa bakinsa ya kama rodin kwance. Wajen lissafi kuwa, rabin ƙarfin rodin nan kaɗai take yarda a ƙirga.