3.2 Asali da Farfaɗowar Bikin Inti Raymi a Ƙasar Peru

Wannan sashe zai duba tarihin bikin Inti Raymi domin a gano ko bikin da ake yi yanzu a birnin Kusko shi ne ainihin wanda mutanen daular Inka suka gada. A harshen Kechuwa, kalmar "Inti" tana nufin rana, "Raymi" kuwa biki. Mutanen Inka sun ɗauki rana a matsayin abin bautarsu, kuma sun yi imani cewa sarkinsu ɗanta ne. Ana yin bikin ne a watan Yuni, lokacin hunturun ƙasar, sa'ad da yini ya fi gajarta.

Mafi yawan abin da aka sani game da tsohon bikin ya fito ne daga littafin Garcilaso de la Vega mai suna Comentarios Reales, wanda aka buga a shekarar 1609. An haifi marubucin a Kusko a 1539. Mahaifinsa Basifaniye ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan sarautar Inka ce. Bisa ga bayaninsa, jama'a kan kame baki na kwana uku kafin bikin, ba a kuma hura wuta a gari. Ranar biki sarki kan fito dandali ya jira fitowar rana, ya miƙa mata giyar masara. Bayan haka sai a yanka lama, wata dabba dangin raƙumi wadda ba ta da tozo. Shagalin kan ɗauki kwana tara.

Zuwan Sifaniyawa ne ya katse wannan al'ada. A 1532 Francisco Pizarro ya kama Sarki Atahualpa, aka kashe shi a 1533. Daga baya aka gina cocin Santo Domingo a kan Korikancha, babban ɗakin bautar rana, aka kuma haramta bikin a zamanin Gwamna Francisco de Toledo. Bayan tawayen Tupac Amaru na Biyu a 1780, hukuma ta hana sa tufafin sarautar Inka, ta kuma haramta littafin Garcilaso kansa.

Ba a farfaɗo da bikin ba sai a 1944, lokacin da Faustino Espinoza Navarro ya tsara shi a sigar wasan kwaikwayo cikin harshen Kechuwa, ya dogara da wancan littafi da aka taɓa haramtawa. Ana yin sa ranar 24 ga Yuni, a fara daga Korikancha, a bi ta babban dandalin gari, a ƙare a ganuwar Saksaywaman. Yankan lama ma kwaikwayonsa kawai ake yi. A 2001 gwamnatin Peru ta ayyana shi cikin kayan gadon ƙasa.

Bisa ga waɗannan bayanai, za a iya cewa bikin na yanzu ya bambanta da na dā ta fuskar manufa. Na dā ibada ce da sarki ke jagoranta, na yanzu kuwa hanya ce da mutanen Kusko ke bi su tuna da asalinsu, su raya harshensu da suturarsu.