Yadda akwatunan sadarwa suka fara naɗa wa kansu shugaba

Tun daga 2015, duk ɗan Yankara da zai rubuta jarrabawar JAMB sai dai ya rubuta ta a kan kwamfuta. Zai bi titin Funtuwa, ya shiga zaure mai kwamfutoci 250, kowace da wayarta a gindi. Wayoyin nan bango suke bi, su tattaru a wata durowar ƙarfe, inda aka ɗora akwatuna marasa kauri ɗaya bisa ɗaya, fitilunsu na ƙyafta ido. Suwici ake ce musu. Babba a cikinsu ramuka 48 gare shi, don haka zauren ba zai wadatu da ƙasa da shida ba. To a cikin shidan nan, wa ke ba da umarni?

Tambayar ta girmi ɗaliban. A 1973 Robert Metcalfe ya tsara Ethernet a cibiyar binciken Xerox da ke Amurka, kuma a lokacin waya ɗaya ce kowa ke rataye a jikinta. Da aka fara haɗa sassa da sassa, sai wata matsala ta ɓullo: idan wayoyi suka yi zobe, saƙo ɗaya zai yi ta kewayawa har layi ya toshe. Radia Perlman ce ta warware wannan a 1985, tana aiki a kamfanin DEC. Dabararta ita ce na'urorin su zaɓi ɗaya a matsayin tushe, mai mafi ƙanƙantar lamba, sauran su auna hanyarsu daga gare ta. A nan aka bar injina su yi zaɓe a tsakaninsu.

Kamfanin Kalpana ya fito da suwici na farko a 1990, Cisco ya saye shi a 1994. Sai dai kowane akwati gashin kansa yake ci. Mai shida sai ya shiga shida, ya rubuta saiti sau shida.

Sauyin da ya fi tasiri ya zo a 2003, da Cisco ya fitar da Catalyst 3750. An yi masa ramuka biyu a baya, ana sarƙa gajerun wayoyi masu kauri daga wannan zuwa wancan, na ƙarshe ya koma wa na farko. Har tara ana iya haɗawa su zama tamkar suwici guda mai adireshi guda. Daga nan kowane akwati ya samu abu biyu da masu koyo ke yawan cakuɗawa. Na farko lambar shaida, daga 1 zuwa 9, wadda da ita ake kiran ramukansa: Gi2/0/14 na nufin rami na 14 a akwati na biyu. Na biyu daraja, daga 1 zuwa 15, wadda ake dubawa ranar zaɓe. Lamba ta ɗaya ba ta ba akwati shugabanci. Ana iya samun na uku a jeri shi ne shugaba, shi ke riƙe da saitin kowa.

Ƙa'idar zaɓen ta cancanci a tsaya a kanta. Wanda ke kan mulki ba a tsige shi don kawai wani mai daraja ya shigo, sai ya mutu ko an sake kunna jerin. Idan kujera ta zama babu kowa, mai daraja mafi girma ke hawa. In an yi kunnen doki, sai a duba wanda aka riga aka yi wa saiti, a duba irin manhajarsa da daɗewarsa a kunne, a ƙarshe a koma ga lambar MAC da aka buga masa tun a masana'anta. Kuma duk irin wannan suwici da daraja 1 yake fitowa daga kwali. Wanda bai taɓa komai ba, ya bar wa sa'a ke nan ta zaɓa masa.

Juniper ya shigo a 2008 da EX4200, mai haɗa har goma, da darajar da ke kaiwa 255, ya kuma ware mataimaki da ke zaune cikin shiri. Cisco ya bi wannan hanya a Catalyst 3850 a 2013: shugaba na aiki, mataimaki na kwafe duk abin da yake yi, don in ya faɗi a ci gaba ba tare da zaure ya sani ba.

Waɗanda suka tsara duk wannan sun ɗauka zaɓe abu ne na jefi-jefi, domin wuta ba ta yanke musu. Mu kuwa a kudancin Katsina, tsakanin ɗaukewar wuta, tayar da janareta da batirin inbata da ya gaji, jeri ɗaya na iya yin zaɓe fiye da sau ɗaya a yini. Kuma akwatunan da suka farka cikin ɗan taƙin lokaci guda ne kawai ke shiga takara. Wanda aka jona a wani soket daban, ya makara da tashi, sai ya tarar an gama, ko da darajarsa 15 ce. Shi ya sa nake ganin sakaci ne a girka jeri a yankinmu ba a rubuta switch 1 priority 15 ba, ba a ba na biyu 14 ba, ba a kuma ciyar da su daga wuta guda ba.

Sai batun gwanjo. Da yawan suwicin da ke hannunmu sun yi aiki a wani ofishi a Turai kafin su sauka Computer Village a Ikeja. Suna zuwa da lambarsu da darajarsu ta can. Ka ɗauko irin wannan, ka jona shi a jeri alhali yana kunne, shugabanni biyu sun haɗu ke nan. Idan shugaban jerin ne ya sha kaye, zai sake tashi da duk mabiyansa, su karɓi saitin baƙo. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a goge shi shi kaɗai a kan tebur, a ba shi lambar mataccen akwatin da zai canja, a kashe shi, sannan a sarƙa.

A Satumbar 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, ciki har da Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da Funtuwa. Wayoyin cikin gini ba su daina aiki ba, amma injiniyan da ya saba gyara daga Kano ta intanet ya rasa ƙofar shiga, kiran waya babu, hanya kuma ba ta biyuwa yadda aka so. A irin wannan hali yaron da ke kula da ɗakin shi ne komai. Idan lambar da ke cikin suwici ta dace da wadda aka rubuta da maka a jikinsa, na sama 1, na ƙasansa 2, yana iya zare mataccen akwati ya sa wani, ya mayar da kowace waya raminta, saitin ya dawo da kansa daga wurin shugaba.