Yadda Gobir ta sake kafuwa a Tsibiri

A shekarar 1808 mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Alƙalawa, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wannan yaƙi, birnin da Sarki Babari ya gina a bakin Gulbin Rima ya zama kufai. Duk wanda ya ga abin a lokacin zai rantse Gobir ta ƙare. Amma da 'ya'yan sarauta suka watse, ba su bar sarautar a baya ba. Kusan shekara talatin suna yawo da ita, wasu sun yi mubaya'a ga Sakkwato suna jiran rana, wasu ko kusa ba su sunkuya ba.

Ranar da suke jira ta zo musu da baƙin jini. A 1836 Sarkin Gobir Ali ɗan Yakuba ya haɗa kai da Rauda, Sarkin Katsina na Maraɗi, da Abzinawa ƙarƙashin Ibra, suka tari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Aka yi musu mummunan kaye. Ali da Rauda duka suka kwanta a fagen fama, Ibra ya sha da ƙyar. Ba a jima ba sarauta ta faɗa hannun Mayaƙi, shi ma ɗan Yakuba, kuma shi ne ya ja ragowar jama'a gabas zuwa kwarin Gulbin Maraɗi ya kafa Tsibiri.

Zaɓen wurin ya nuna Mayaƙi ya san abin da yake yi. Katsinawan da jihadi ya kora sun riga sun kafu a Maraɗi tun zamanin sarkinsu Ɗan Kasawa, tsakaninsu da Tsibiri tafiyar hantsi ce a ƙasa. Kwarin a wancan zamani duhun daji ne, doki ba ya sukuwa a cikinsa, ga fadama mai ba da abinci ko damina ta yi gardama. Gudun hijira biyu suka jingina da juna, kowa da sarkinsa da tamburansa, maƙiyi ɗaya.

Sakkwato ba ta ƙyale su ba. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya kai wa Tsibiri yaƙi da kansa, bai ci garin ba, kuma a kan hanyar komawa ya rasu a Katuru a 1842, shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Magajinsa Aliyu Babba ya sha fama da su shekara da shekaru. Abin da takobi ya kasa, rikicin cikin gida ya yi rabinsa: wani ɗan sarauta, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Gobir ta zama gida biyu. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka shata iyaka, ayarin Kyaftin Tilho ya bi ya kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, sai Sabon Birni ta faɗa Nijeriya, Tsibiri ta faɗa Nijar. Tafintan ayarin, Landeroin, ya zauna da dattawan fada ya rubuta jerin sarakunan Gobir daga bakinsu.

A ganina abin da ya riƙe Tsibiri ya fi ganuwa ƙarfi, wato tsarin fadar.   Muƙamai Gobirawa suka ɗauko daga Alƙalawa suka sake dasawa. Akwai Taran Gobir, masu zaɓen sarki. Akwai kuma Inna, wadda ake naɗawa daga matan gidan sarauta, tana da fadarta da fadawanta, ita ce uwar 'yan bori, kuma shari'ar mata da yawa a gabanta take ƙarewa. Wannan muƙami na cikin abubuwan da masu jihadi suka yi wa Gobir tsana a kansu, ga shi kuwa ya rayu a garin da yau kowace unguwa ke da masallaci da makarantar allo. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin kwarin Maraɗi, ya rubuta da yawa a kan yadda bori da Musulunci da sarauta suke zaman doya da manja a gida guda. Wa'azin 'yan Izala ya rage wa bori kasuwa ƙwarai, amma ba a daina naɗa Inna ba.

'Yan mishan na SIM ma sun sauka Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, suka buɗe makaranta, kuma daga nan ne wasu daga cikin Kiristocin Hausawa na farko a Nijar suka fito.

Zamanin Faransa ya rage wa sarki fiffike, ya zama mai karɓar haraji a madadin kwamandan Faransa. Kasuwar gyaɗa ta ja arziki zuwa Maraɗi, musamman bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka mayar da garin kan tudu. Yau ma ofishin farfe yana Gidan Rumji, Tsibiri kuwa kwamin ce a ƙarƙashinsa. Gulbin da ya tsare ta ya ja baya tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990.

Martabar fadar dai sai ƙaruwa ta yi. A 2010, lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, aka ɗaga Gobir zuwa matsayin sultan tare da Katsinar Maraɗi da Dosso, Abdu Bala Marafa yana kan gado. Idan sallah ta zo ko za a yi naɗi, za ka ga Gobirawa masu zanen nan na shida da bakwai a kumatu sun cika ƙofar fada, wasu daga Madawa da Dakwaro, wasu sun tsallako iyaka daga Sabon Birni da Isa.